Dashen Gamba a Darmazau

A zamanin Sarki Barmo ɗan Tunau, babu birni tsakanin kogi da duwatsu da ya kai Darmazau kaurin ganuwa. Abokan gabarta, mutanen Mazgaba, sun sha zuwa da tsani da wuta, sun sha komawa suna jan gawarwakinsu. Sarki Barmo kuwa ba azzalumi ba ne, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Abin da ya same shi yunwar nan ce da ake kira Kife-Tukunya. A shekarar ya ga dakarunsa suna tauna saiwar itace a kan ganuwa, alhali wasu talakawa rumbunansu cike suke, an liƙe bakinsu da laka. Abin ya tsaya masa a rai, ya yi ta juya shi shi kaɗai har rani ya raba tsakiya. Ran nan ya sa aka buga tambari, majalisa ta taru.

Galadima ya zauna a wurinsa, Waziri da Liman suka zauna a nasu. Dama da karaga Madawaki Jatau ne, shugaban mayaƙan birnin, dogon mutum mai ƙarancin magana, wanda bai taɓa jin umarnin Sarki ya tambayi dalili ba. Can wajen ƙofa kuma ga Sarkin Noma Nomau, tsoho mai faso a dugadugai, wanda ko a fada ƙasa ba ta rabuwa da faratansa.

Sarki ya yi gyaran murya, ya ce, "Ya ku dattawan Darmazau, na zauna a kan karagar nan na saurari shari'ar gona har kunnena ya gaji. Wani ya sare ƙaninsa da fartanya a kan kunya ɗaya ta dawa. Maƙwabta sun daina gaisawa a kan gindin ɗorawa. Da yunwa ta zo, kowa ya liƙe rumbunsa ya ce nawa ne, masu tsare masa kai suna faɗuwa don yunwa. Na duba na sake dubawa, na ga tushen wannan fitina ciyawa ce. Daga yau za a tumɓuke duk gambar da ke tsakanin gona da gona a ƙasata. Ƙasa ta zama gandu ɗaya, gandun Sarki. Kowa zai yi noma inda aka nuna masa, hatsi ya shiga rumbu ɗaya, a raba wa kowane gida gwargwadon bakunan da ke cikinsa."

Bafaden da ke yi wa Sarki fifita ya tsaya da mafici a sama, ya manta da abin da yake yi. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi, amma wanda ke kusa da shi ya ga ƙwaya ɗaya yake ta murzawa.

Wanda bai san Darmazau ba zai ce me ke cikin ciyawa. To a wannan ƙasa gamba ita ce iyaka. In mutum ya sare daji da gatarinsa, ya ƙone, ya cire kututture, gona ta zama tasa da ta 'ya'yansa. Sarki yana da daminsa a cikin abin da ta bayar, amma ba shi da ƙasar. Kuma ba a dasa gamba a ɓoye. Sai ruwan shuka ya sauka, mai shela ya tsaya a bakin gona ya kira mai ita da maƙwabcinsa, su tsaya tare, a dasa a kan idonsu. Wanda aka kira bai amsa ba, duk inda maƙwabcinsa ya nuna nan ne iyaka, shi da jikokinsa ba su da sauran bakin magana. Shi ya sa a Darmazau ake ɗauko majinyaci a kan jaki a kai shi gona, don dai kada a yi dashe ba ya nan.

Waziri ne ya fara samun harshensa. Shi dama mutum ne da ko Sarki ya yi atishawa sai ya ga hikima a ciki. Ya ce, "Gaskiyarka, Zaki. Magabata ba su hango wannan ba."

Sai Sarkin Noma ya ja jiki ya matso, ya durƙusa. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Zaki. Na riƙe wa mahaifinka sarautar noma, ban taɓa ɗaga murya a zauren nan ba. Yau zan ɗaga, in an ga dama a yanka ni. Maganar wa da ƙani gaskiya ce, ni na yi wa yaron sutura. Maganar rumbuna ma gaskiya ce, da ka sa an fasa su a lokacin, da ni zan riƙe gatarin. In yaƙi ya zo ka ɗauki hatsi, ranka ya daɗe, ka ɗauki dami biyu inda kake ɗaukar ɗaya. Amma ka bar wa mutum ƙasarsa. Wanda ke tashi da asuba a tsakiyar rani ya kai taki gona, ba tsoron dogari ke tayar da shi ba, ya san ɗansa ne zai ci. Wanda ya dasa ɗorawa ya san da wuya ya ci daddawarta, jikansa yake dasa wa. In ka tumɓuke gamba, wa zai sake dasa itace a Darmazau?"

Sarki ya ce, "Sarkin Noma, wa ya tsare ƙasar nan da takobi?"

"Kai da iyayenka, Allah ya ba ka nasara."

"To ta wace ce?"

"Tsaronta naka ne. Makiyayi ma yana tsare garke, amma kowace saniya da mai ita."

Waziri ya dafe ƙirji. "Subhanallahi! Jama'a kun ji? Ya mayar da Zaki ɗan kiwo!"

Da Waziri bai yi wannan magana ba, wataƙila da Sarki ya haɗiye. Amma an riga an faɗa a gaban jama'a. Sarki ya sa dogarai suka warware rawanin tsohon nan take, sa'an nan ya juya dama ya ce, "Madawaki, kai za ka yi aikin nan. Ka fara da gonarsa."

Madawaki ya ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Gonar Nomau tana gabas da birni, daf da ganuwa, har wanda ke sama yana iya ƙirga kunyoyinta. Maƙwabciyarta kuwa gonar gidan su Madawaki ce. A kusa da iyakarsu akwai tsamiyar da mahaifin Jatau ya dasa, tana cikin gonarsu, gamba ta bi ta bayanta. Ranar da aka dasa wannan gambar, Jatau yana ƙarami, mahaifinsa ya kai shi gindin tsamiyar ya murɗe masa kunne har ya yi ƙara, ya ce, "Don kada ka manta. Tsamiya tamu ce, iyaka tana bayanta." Haka iyaye ke koya wa 'ya'yansu iyaka a Darmazau, kuma ba a taɓa jin wanda ya manta ba.

Madawaki ya iso da dogarai, ya tarar da tsohon tsaye a gindin tsamiyar, kansa ba rawani.

Nomau ya ce, "Jatau, da hannunka?"

"Baba, umarnin Sarki ne."

"Wannan da za ka ja, rabinta ta ubanka ce. Tare muka tsuguna muka dasa ta."

"Ni ba ni da gona yanzu, Baba. Sarki gare ni."

Tsohon ya dube shi tun daga sama har ƙasa, ya ce, "To. Allah ya sa haka ne."

Madawaki ya naɗe hannun riga, ya kama tushen gambar ya fizge. Saiwarta ta fito da ƙasa a jiki. Dogaran da kansu sai da suka kau da kai. Kafin gari ya waye sau biyu aka nemi Nomau a birni aka rasa, wasu fatake kuma suka ce sun gan shi da sanda a kan hanyar Mazgaba. Da aka gaya wa Sarki sai ya yi dariya, ya ce tsoho mai fartanya me zai kai musu.

Aka tumɓuke gamba tun daga bakin kogi har gindin duwatsu, aka tara aka cinna mata wuta. Ba wanda ya ɗaga sanda. Mutanen Darmazau suka tsaya suna kallon hayaƙi kamar masu kallon jana'iza, suka koma gida. Sai dai a wannan rani ba a ga jaki ɗaya da mangalar taki a kan hanyar gona ba. Juji ya taru a ƙofofin gidaje har yana tare hanya. Ba wanda ya yi sassabe sai in dogari na tsaye a kansa, da dogari ya juya baya kuma sai a nemi inuwa. Maƙera suka zauna suna korar ƙuda, don ba mai kawo garma gyara.

Da bazara ta kama, shamuwa ta iso kamar kullum, amma ta ƙi sauka a kan itatuwan fada inda take sheƙa tun zamanin kakanni. Ta yi ta kewaya birni, sa'an nan ta fita ta ƙofar gabas ta sauka a bakin gonaki. Aka tambayi Liman. Ya ce shi dai bai taɓa gani ba, a yi sadaka. Waziri ya ce ai tsuntsu ma ya san gandun Sarki ya faɗaɗa, ya je gaisuwa ne.

Ruwan shuka ya sauka da yamma, mai yawa, har ƙasa ta yi laushi. Washegari da hantsi ana fadanci, sai ga manzon Sarkin Dawa, mai tsaron ƙauyukan gabas, ya faɗo zaure jikinsa duk taɓo. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, Mazgaba! Sun ƙetare kogi. Kaura Anaruwa, shugaban mayaƙansu, shi ne da kansa a gaba."

Galadima ya ce, "Kai, natsu. Wa ke fita yaƙi da ruwan shuka? Su ba sa cin tuwo ne?"

"Wallahi su ne, ranka ya daɗe. Amma ban ga tsani ba, ban ga gungumen fasa ƙofa ba. Jakuna ne a bayansu ba iyaka, mangaloli cike da ciyawa."

Waziri ya kwashe da dariya. "Ciyawar ƙona ƙofa ce, ga shi ruwa ya jiƙa musu ita. Allah ya kama su tun ba su iso ba."

Manzon ya ƙara da cewa, "Kuma ba su taɓa ƙauye ko ɗaya ba. Mutanen ƙauyuka ma bin su suke yi a baya." Wannan ba wanda ya yi mata dariya, amma ba wanda ya gane ta.

Aka busa ƙaho, aka rufe ƙofofi. Ganuwar Darmazau ba barade ke tsaronta ba, manoman birni ne, kowace unguwa da yankinta, kowane magidanci da kwarinsa da bakansa. Suka hau badala, wato tudun da ke jikin ganuwa ta ciki inda maharba ke tsayawa, suka jeru har ba masaka tsinke. Madawaki bai jira a kewaye shi ba. Ya fita da barade ta ƙofar gabas, ya auka wa goshin rundunar Mazgaba tun ba su gama daidaita sahu ba. Aka yi karon da ƙarar garkuwa ta kai cikin fada. Madawaki ya kayar da jarumin da ke riƙe da tutarsu, ya kora su har bakin fadama, sai da taɓo ya fara kama ƙafafun dawaki sa'an nan ya juyo da mutanensa. Aka yi ta guɗa a cikin birni. Sarki ya aiko masa da alkyabba tun bai sauka daga doki ba.

Madawaki ya hau badala yana jiran su dawo da farmaki. Ba su dawo ba. Sai ya ga sun kafa garkuwoyi a jere can inda kibiya ba ta kaiwa, sun jawo jakuna, suna sauke mangaloli. Wasu suka ajiye mashi suka ɗauki sungumi. Mutanen ƙauyuka suka fito daga bayansu. Sa'an nan wani tsoho ya fito tsakiyar fili da sanda, da sabon rawani a kansa, mai shela na biye da shi.

Wani maharbi ya ce, "La ilaha illallahu. Sarkin Noma ne. Kai jama'a, wannan ciyawar ai gamba ce!"

Mai shela ya sa hannu a kunne, ya kwarara murya har ta daki ganuwa. "Ku ji, mutanen Darmazau! Kaura Anaruwa, bisa umarnin Sarkin Mazgaba, ya ce ruwan shuka ya sauka, yau ranar dashe ce! Kowa gonarsa tasa ce, kamar yadda ya gada! Wanda aka kira ya amsa, wanda bai amsa ba maganar maƙwabcinsa ta zauna! Gonar Cindo majemi, da gonar Tanko na ƙauyen Kuka! Ina Cindo?"

Cindo yana kan badala, bai fi tsawon mashi tsakaninsa da Madawaki ba, kibiya a kan tsirkiya. Tanko kuwa mutumin ƙauye ne, yana can ƙasa. Aka sake kiran Cindo. Ya leƙa, ya ga Tanko yana tafiya a hankali yana nuna ƙasa da ƙafa, mai sungumi na bin sa.

Cindo ya ce, "Kai! Kai, Tanko! Ina za ka? Ka wuce gidan tururuwar! Wallahi mutumin nan zai cinye ni da rai!" Ya yar da baka, ya kwance ɗamararsa ya ɗaura a jikin ganuwa, ya sulale. Ya faɗi a taɓo, ya tashi yana ɗingishi yana ihu, "Ga ni! Na amsa! Ga Cindo!" Mayaƙan Mazgaba suka buɗe masa garkuwoyi ya wuce, ba wanda ya taɓa shi.

Madawaki ya daka tsawa, "Ku harbe shi!"

Ba kibiyar da ta tashi. Ya juya ya dubi mutanensa. Ba tawaye ba ne a fuskokinsu, ko kallonsa ma ba sa yi. Kowa ya karkatar da kunne waje, yana jiran sunansa.

Aka kira na biyu, aka kira na uku. Wanda aka kira ya sauka don kada a cuce shi, maƙwabcinsa ya bi shi don kada ya yi ƙarya a bayansa, wanda ba a kira ba tukuna ya sauka don ya kama wuri. Igiyoyi da rawuna suka yi ta lilo a jikin ganuwar da ba a taɓa hawa ba. Madawaki ya zare takobi ya tsaya a gaban wani, sai ya ga ƙanin mahaifiyarsa ne, tsohon ya ce, "Sare ni, ɗana, amma in ka gama ka je ka amsa mini." Ya sa barade su hau, aka ce rabinsu sun bar dawaki a ɗaure, don su ma ba daga sama suka faɗo ba, 'ya'yan manoma ne. Kafin azahar, yankin gabas ya koma kamar bakin tsoho, nan mutum can gurbi.

Labari ya kai fada. Sarki Barmo bai yarda ba sai da ya zo da kansa, ya hau badala da Galadima da Waziri a bayansa. Ya tsaya yana kallon ƙasa. Talakawansa ne a can, cakuɗe da mutanen da suka kashe musu iyaye, suna gardama a kan kunya, suna tsugunawa suna danna saiwa da tafin hannu. Wasu har sun fara shuka.

Can Sarki ya ce, "Ban hana su hatsi ba. Cewa na yi kowa zai ci." Ya juya ya dafa kafaɗar Madawaki, ya ce, "Jatau, saura kai. Tara bayin fada da dogarai, ka riƙe mini ƙofar nan. In kana tsaye, Darmazau tana tsaye."

"Ina tsaye, ranka ya daɗe. Sai dai su bi ta kan gawata."

Da gaske yake, kuma Sarki ya san da gaske yake. A daidai nan mai shela ya matso daf da ganuwa, Nomau na gabansa, suka tsaya kusa da tsamiyar nan.

"Gonar Nomau Sarkin Noma, da gonar Jatau ɗan Barau! Ina Jatau?"

Madawaki ya dafe ƙotar takobi, ya kafa ido a sama. Aka sake kira. Bai motsa ba. Sarki ya gyaɗa kai, har ya ɗan yi murmushi.

Sai Nomau ya fara tafiya. Bai ɗaga kai ya dubi ganuwa ba ko sau ɗaya. Ya iso inda tsohuwar gambar take, inda ramin saiwarta bai gama cikewa ba, ya tsallake shi. Ya zagaya tsamiyar a hankali, ya bar ta a bayansa, ya shiga cikin gonar su Jatau sosai. Nan ya tsaya, ya caka sanda a ƙasa. Mai sungumi ya ɗaga hannu zai sara.

"Ba nan ba ne!"

Muryar da ke tsayar da doki a tsakiyar yaƙi ce, ta ratsa filin gaba ɗaya, har jakuna suka ɗaga kunne.

"Ba nan ba ne, Baba! Koma baya! Tsamiya tamu ce, iyaka tana bayanta!"

Sai da maganar ta gama fita Madawaki ya san daga bakinsa ta fito. Ya tsinci kansa ya leƙa har ƙirji a kan ganuwa, hannunsa ɗaya ya saki takobi yana riƙe da kunnensa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji a fagen fama ba.

A ƙasa, Nomau ya zare sandarsa, ya koma bayan tsamiyar, ya mayar da ita cikin tsohon ramin ba tare da ya yi gardama ba. Mai shela ya juya ga rundunar Mazgaba, ya kwarara, "Ku shaida! Madawakin Darmazau ya amsa!"

Bayin fada da dogaran da ke riƙe da ƙofa sun ji, kamar yadda kowa ya ji. Sarki Barmo ya janye hannunsa daga kafaɗar Madawaki a hankali, ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa.

Ya ce, "Ashe kai ma kana da gona."

A ƙarƙashin ƙafafunsu suka ji Sarkin Ƙofa yana zare sakata.